Hoton da Umma Ba Ta Yaga Ba

"Auta! Ke Auta! Zo ki fitar da ni daga duhu!"

Auta ta fito daga kicin da gudu, hannunta duk kumfar sabulu. Ta tarar da Baba a falo, tabarau a kan karan hanci, yana juya wata takarda mai sheƙi sama da ƙasa.

"Wannan da na tsinta a cikin littafinki, mene ne shi?"

"Hotona ne, Baba. Dogo ne ya ɗauka."

Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Shekara talatin da biyu yana ɗaukar hoto a shagonsa na bakin titi, har mutane sun manta sunansa, sai dai Baba Mai Hoto. A wajensa hoto yana da farillai uku: fuska ta fito tas, kunnuwa biyu su bayyana, mutum kuma ya fi yadda yake a madubi kyau. Abin da ke hannunsa kuwa rabin kafaɗa ne da gefen mayafi, sauran duk dishi-dishi.

"Ina fuskar?"

"Ya ce... ya ce mai kallo ne zai ƙarasa ta a zuciyarsa."

"Innalillahi! Wannan ne yaron da yake son turo manyansa? Ki ce masa ina nemansa ranar Asabar!"

Dogo ɗalibi ne a shekarar ƙarshe a makarantar fasaha, sashen hoto. Yaro ne mai ladabi da tsoron Allah, kuma son da yake yi wa Auta ko makaho ya shafa zai ji. Aibinsa ɗaya: in ya buɗe baki a kan hoto, sai ka rantse lakcar Farfesansu ya haɗiye bai tauna ba. Ranar Asabar ya zo ya durƙusa a gaban Baba, kyamara rataye a wuya, gumi yana bin ƙeyarsa.

"Malam Dishi-dishi," in ji Baba, "hannunka ne yake rawa ko idonka ne ba lafiya?"

"Ranka ya daɗe, da gangan ne. Ka san yanzu muna cikin fosmodanizim ne..."

"Cikin me?"

"Wato zamanin bayan zamani, Baba."

"Bayan zamani ai sai tashin kiyama! Ci gaba, ina ji."

Maimakon ya gane gargaɗi ne ya ja bakinsa, sai Dogo ya gyara zama. Ya ce hoto ba gaskiya ba ne, zaɓi ne. Mai ɗauka yana yanke abin da ya ga dama ya bar abin da ya ga dama, saboda haka babu hoton da ya fi wani gaskiya, kowa da ma'anar da yake ɗora masa. Ya ce a wani baje kolin da suka je, kujera kawai aka ɗauka babu kowa a kai, mutane suka tsaya suna share hawaye.

"Ai dole su yi kuka," in ji Baba, "sun biya kuɗin shiga."

Daga bayan labule Auta ta dafe kai. Umma, wadda take ninke kaya a gefe, ta yi tsaki.

Tsakin nan ne ya ba Baba dabara. Akwai wani ciwo a gidan da kowa ya sani amma ba a taɓa shi: tun da aka yi aurensu, Umma ba ta taɓa karɓar hoton kanta ba. Baba ya ɗauke ta ya fi sau ɗari, a zaune, a tsaye, gaban labule mai zanen lambu, gaban mai zanen jirgin sama. Sai ya kwashe yini yana gyarawa, ya kawo mata da murna, ta duba, ta raba shi biyu ta miƙa masa. Mutumin da ya ƙawata bangon duk unguwa, nasa bangon babu matarsa.

"To, masani," in ji Baba yana murmushin mugunta. "Na ba ka wata guda. Ka kawo mini hoton wannan baiwar Allah da za ta duba ta bar shi da ransa. In ka yi, turo manyanka. In ka kasa, hanyar da ta kawo ka ba ta toshe ba."

"Ni kuka mayar abin gwaji?" in ji Umma. "To bismillah. Hannuna bai gaji ba."

Mako na farko Dogo ya zo da ƙarfin gwiwa. Ya ɗauki Umma tana wucewa ta tsakar gida, ya bar kyamara ta ja motsin. Da ya kawo, ya ce sunan aikin "Uwa a Matsayin Lokaci".

Umma ta kanne ido ɗaya. "Ɗan nan, ni ce hayaƙi? Ko gobara aka yi ban sani ba?" Kyat! Ta raba shi biyu.

Mako na biyu ya ɗauki inuwarta kawai a jikin bango, kusa da igiyar shanya. Ya yi bayani cewa rashin mutum a hoto ya fi kasancewarsa ƙarfi.

"Ashe haka ne? To rashinka a gidan nan ma zai fi." Kyat!

Baba yana kan kujera yana kurɓar shayi, dariya har da buga ƙafa. Auta kuwa ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta.

A mako na uku Dogo ya ajiye Farfesa a gefe. Ya ce tunda fasaha ta ƙi, bari ya bi ta tsohuwar hanya. Ya zaunar da Umma, ya gyara haske, ya ce ta ɗaga haɓa ta yi murmushi. Ya kai hoton kwamfuta ya share tamojin goshi, ya goge baƙin tabon da ke gefen hancinta, ya cike giɓin haƙorinta. Ko Baba da ya leƙa sai da ya gyaɗa kai, ya ce ashe yaron yana da hannu.

Wannan karon Umma ba ta yi barkwanci ba. Ta dubi hoton da kyau, sannan ta ce a hankali, "Kai ma ita ka kawo mini." Ta yaga, ta tashi ta shiga ciki.

Dogo bai gane ba. Da Auta ta rako shi bakin ƙofa, idanunta sun yi jawur.

"Saura kwana bakwai, Dogo! Bari in roƙi Umma ta yi kamar ya yi mata. Wallahi in na yi mata kuka za ta yarda, sau ɗaya ne kawai!"

Zuciyarsa tana so, babu amfanin ɓoyewa.

"A'a," ya ce. "Kin san a aji ina cika baki cewa babu gaskiya a hoto. To amma akwai ta a aure. Ba zan shiga gidanku ta taga ba, Auta."

"To in ka kasa fa?"

"Sai in ci gaba da gaishe da Baba har ya gaji da ganina."

Tun daga ranar ya daina zuwa da kyamara. Kullum in ya tashi daga makaranta sai ya biyo, ya gaishe su, ya nemi gefen tabarma ya zauna. Ya daina bayani, abin da ya ba kowa mamaki har da shi kansa. A zaman nan ne ya fara lura da abubuwan da kyamara ta tare masa. Umma ba ta minti biyu a zaune. Ba ta iya magana sai da hannu. Faɗa kuwa shi ne yarenta: da shi take ba Baba maganinsa, da shi take tambayar Auta ko ta ci abinci, da shi take ƙara wa Dogo shayi tana cewa ya cika tsawo babu ƙiba kamar sandar lantarki.

Ana saura kwana biyu, ƙwan fitilar falo ya mutu. Baba, da gwiwarsa mai ciwo, ya jawo kujera ya hau. Dogo ya miƙe zai karɓe shi, Baba ya ce masa ya zauna, ba a haifi wanda zai koya masa sa ƙwai ba. Kujera ta fara rawa. Sai ga Umma ta faɗo falon kamar an jefo ta.

"Malam! Sauko! Kai yaro ne? In ka karye wa zai yi jinyarka? Ni? Wallahi ba ni ba!"

Dogo bai yi tunanin komai ba. Ya zaro waya daga aljihu ya danna.

Da ya nuna wa Auta a waje, ta ɗora hannu a ka. "Na shiga uku! Wannan ba hoton kaɗai za ta yaga ba, har da kai!"

Tana da gaskiya. Bakin Umma a buɗe, giɓi a fili, ɗankwali ya zame, goshi ya tattare, tabon hanci ya fito ɓaro-ɓaro. Dogo ya yi ta neman wata dabara har wa'adi ya cika bai samu ba. Ranar ƙarshe ya je ya wanko hoton, ya zo ya miƙa da hannu biyu kamar mai miƙa takardar korarsa.

Baba ne ya fara gani. "Subhanallahi! Matar tawa ka yi wa haka? Kai ko kunya..."

"Miƙo nan," in ji Umma.

Auta ta rufe ido tana jiran ƙarar takarda. Sai ta ji wata ƙara daban: Umma ce take dariya, har tana riƙe ciki.

"Yauwa! Ga ni nan! Wallahi ni ce! Ku dubi bakin nan kamar zan cinye shi!"

Ta yi ta dariya har dariyar ta juye, hawaye suka zubo. Ta sa yatsa a ƙasan hoton ta nuna wa Baba. Shi bai lura ba, fuska kawai ya duba kamar yadda ya saba. Hannu ɗaya na Umma yana sama tana nuna shi da yatsa, ɗayan kuwa ya damƙe idon sawunsa tamau, har jijiyoyi sun tashi.

"Malam," ta ce, "shekara talatin kana zaunar da ni, ka shiga ɗaki ka fito mini da wata mata mai santsin fuska, marar tabo, marar giɓi, mai shiru. Ka kawo ta kana murna kana cewa dubi kyau. Ni kuma in duba in ce, ashe wannan yake so a ce ya aura."

Baba ya cire tabarau, ya daɗe yana goge su da gefen riga duk da ba su yi datti ba.

"Ni fa gani nake kyautata miki nake yi," ya ce da ƙyar. "Me ya hana ki gaya mini?"

"Ka taɓa tambaya? Kullum sai ɗaga haɓa, kalli nan, kar ki motsa!"

Auta tana kuka tana dariya. Dogo kuwa, da ya ga abu ya yi kyau, sai tsohon ciwo ya motsa. Ya yi gyaran murya. "A gaskiya, Baba, wannan shi ne abin da masana suke kira..."

"Rufe mana baki!" in ji Baba da Umma a tare.

Ya rufe. Baba ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da firem mafi tsada da yake da shi, ya sa hoton da hannunsa. Sannan ya juyo ya dubi Dogo sama da ƙasa.

"Ka turo manyanka. Amma ka ji ni da kyau, ɗana. Yarinyar nan yau fuskarta sumul take. Wata rana za ta yi tamoji, za ta yi furfura, bakinta kuwa ka ga inda ta gado shi. In ranar ta zo, kar ka goge mata komai."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Haƙuri ya kai Dogo inda iliminsa ya kasa kai shi, gaskiya kuma ta buɗe masa ƙofar da ƙarya za ta bar shi yana raɓe a bakinta. Masu iya magana sun ce so hana ganin laifi, amma wanda ya fi shi daɗewa shi ne son da ya ga tabon, ya ga giɓin, ya ce a bar mini kayana haka.