Wace Ce Kalsum?

A danfon Agege, motar hayar Legas, suka haɗu. Surayya na ta latsa waya, ta rasa kwasa-kwasan da za ta ɗauka a aji biyu na sashen tattalin arziki, sai saurayin da ke gefenta ya leƙo.

"Ƙanwata, bar wannan. Sai kin ci Kalkulas, kwas ɗin lissafin nan, tukuna za su bar ki ki shiga."

Ta harare shi, ta matse jakarta. A Legas wanda ya taimake ka ba ka roƙa ba, duba aljihunka. Amma ta bi shawarar, ta kuma ci Kalkulas da kyau. Mahbub ne sunansa, aji ɗaya ya girme ta. Tun yana tsara mata kwas har ya koma tsara ta.

Da shekara ta zagayo, babanta Alhaji Isah mai fawa ya yanke magana kamar yadda yake yanka nama.

"Yaro, gama jami'a bana in ba ka ita. In ba haka ba, kada in ƙara ganin takalminka a ƙofata."

Daga nan Mahbub ya canza. Yamma na yi ya ɓace, waya a kashe. Ran nan ya bar wayar a hannunta ya shiga masallaci, saƙon abokinsa ya faɗo:

"Oga, har yanzu kana zuwa wajen Kalsum? In ba ka gama da ita bana ba, manta da Surayya o."

Da ya fito ta miƙa masa wayar, ta tare keke ta yi gida. Duk Kalsum ɗin da ke Agege sai da ta ɗora ta a sikeli, har da mai kitson layinsu, baiwar Allah da ta yi jika.

"Zumata, me na yi?" ya turo.

"Tambayi Kalsum."

Washegari sai ga shi a zaure, ido ya faɗa.

"Wallahi ba mace ba ce. Kalkulas ne. Abokaina suka sa masa Kalsum, wai budurwar da ta ƙi ni."

"Abeg, raina wa wata hankali."

"Tun aji biyu na faɗi, na yi ta guje masa. Yanzu in ban ci shi zangon nan ba, ba za su bar ni in ɗauki Ikonometiriks ba, ba gamawa bana ke nan. Darasi nake zuwa da yamma. Ni da na nuna miki hanya, da wane baki zan ce ni ne na maƙale?"

Ta dube shi, haushi da tausayi suka cakuɗe mata, dariya ta ƙwace.

"Wato ina da A a gida, kai kana can kana biyan wani? Ɗauko littafi, malam."

A tabarmar zauren nan ta koya masa, ba sassauci. Ya ci da kyar, zango na biyu ya haye Ikonometiriks.

Alhaji Isah ya cika alkawari, aka ɗaura aure bayan Juma'a, layin ya cika har bakin dogo.

Da 'yan rakiya suka watse, Surayya ta ɗaga mayafi.

"Angona, ka yi karatu da kyau. Wannan kwas ɗin ba a maimaita shi."

"Da malama irinki? Na ci na gama."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, amin.