Babin Kakana

"Ka cire babin nan," na ce. "Don Allah ka cire shi."

Bai ɗago ba. Yana zaune a ofishinsa na ɗakin karatu, shafukan littafinsa baje a kan tebur, ya kafe su da ido kamar su za su ba ni amsa.

A wannan ɗakin karatun muka haɗu, kuma da gardama muka fara. Ni mayyar ƙagaggun labaran tarihi ce, a ba ni sarauniyar da ba a taɓa yi ba, in yini ina mata kuka. Shi kuwa malamin tarihi ne, ba ya karanta komai sai abin da ya faru, da shaidunsa. Yakan ce marubutana rigar aro suke sa wa matattu. Ni kuma in ce nasa littattafan miya ce ba gishiri. Sarkin Gardama nake ce masa. Da haka so ya shige mu, har manya suka shiga maganar.

Sai ga littafinsa na farko, kan gobarar tsohuwar masaƙa. A gidanmu tun muna yara mun san Kaka ne gwarzon ranar, shi ya riƙa goyo mutane yana fito da su. Gaskiya ne kuwa. Abin da ba a taɓa gaya mana ba sai da babin nan ya tona, shi ne ya kulle ƙofar ta waje da safe, don kada ma'aikata su sulale lokacin aiki.

Ɗan baffana, wanda ya daɗe yana nemana ina masa kunnen uwar shegu, a maɗaba'ar da za ta buga littafin yake aiki. Munafukin Allah, jiki na ɓari ya kwashi shafukan ya kai wa Baba.

"Ko babin, ko ke," in ji Baba. "Ba na ba da 'yata ga wanda ya tone kabarin ubana."

Abin da ya kawo ni ke nan.

"Ka canza sunan kawai, masoyi," na ce. "Ka mai da shi labari. Wa zai sani?"

"Tsohuwar da mijinta ya mutu a ciki za ta sani." Sai yanzu ya dube ni, idonsa jajir. "Ta riƙe hannuna ta ce, ɗana, kowa ya san wanda ya fito da mutane, kai ka rubuta wanda ya rufe su."

"To ni fa? Matattu sun fi ni?"

"Zuciyata..."

"Kar ka zuciyata ni!"

Can ya turo min biro da shafukan.

"Da hannuna ba zan iya ba. Ke ki soke. Wallahi ba zan mayar ba, gobe in je wurin Baba."

Na ɗauka da sauri, raina har ya yi fari. Amma ni ba na iya riƙe takarda ban karanta ba, halina ne.

Ba ado, ba salo. Sunaye ne a jere, kowa da shekarunsa da inda aka tsince shi. Wata budurwa sa'ata, an same ta a bakin ƙofa, hannunta a kan mariƙi. Na nemi inda zan ce ya ƙara gishiri, na rasa. Na tsani littafin, na tsani Kaka, na tsani kaina.

"Ba kuskure ko ɗaya?"

"Babu."

Na ajiye biron a hankali.

"Ka buga shi yadda yake."

"Kin san abin da kike faɗa?"

"Na sani."

Ya kifa kai a kan tebur, kafaɗunsa na rawa. Ban taɓa ganin kukansa ba. Na fita ban waiga ba, don na san in na waiga zan ɗauki biron.

Na tarar da Baba a falo yana jirana.

"Ya cire?"

"A'a, Baba."

"To kin gani, 'yata. Takarda ya fi so a kanki."

Na buɗe baki in wanke shi, sai na ga hoton Kaka a bango da furfurar Baba a ƙarƙashinsa.

"Haka ne, Baba," na ce, na wuce ɗaki.