Fitilar da Aka Ba Walƙiya

"Wa ka ba?"

Tana tsaye a bakin shagonsa na gyaran waya, zaren ɗinki na maƙale a mayafinta. Bai ɗago ba. Sai hura ƙura yake daga wata tsohuwar waya, kamar a ciki amsar take.

"Zauna mana, masoyiyata..."

"Wa ka ba fitilar?"

"Walƙiya."

Wasa ne na waya, irin wanda mutane ke haɗuwa ta intanet su yi runduna su yaƙi dodo. Shi ne shugaban rundunarsu. Ita kuwa mai magani ce, ba ta sara, ba ta harbi. A baya take tsayawa, duk wanda ya faɗi ta tashe shi. A nan suka san juna. Ranar farko da ta tashe shi ya ce wadda ta cece shi a can sai ya ga fuskarta a zahiri. Ya gani, ya manne.

Waɗanda suka ƙirƙiro wasan ba su san adalci ba. Dodo na faɗuwa, takubba da sulke su zubo wa mayaƙa, mai magani ta tashi da sannu da aiki. Masu magani da yawa sun gaji sun watse. Ita abu ɗaya ya riƙe ta: fitila. Wani sai ya shekara yana wasa bai gan ta ba. A hannun mai magani tana tashin runduna gaba ɗaya, a hannun mayaƙi tana ƙara kaifin sara. Shugaba ke bayar da ita, kuma idan ta shiga hannu ba ta fita. Ya sha rantse mata ranar da ta faɗo tata ce.

Yau ta faɗo. Ta gani da idonta, har ta bar rigar mutane a ƙarƙashin allura tana jiran ya miƙo.

Ya shiga yi mata bayani. Wai Walƙiya, sabuwar mayaƙiyar nan mai zaƙin murya, wata runduna na zawarcinta. Ta ce ko fitila ko ta tafi, har tana bin sauran 'yan rundunar tana cewa mai magani ai ko a bola an tsinta.

"In ta tafi mun rushe," ya ce. "Ke kuwa ai na san ba za ki tafi ba."

Ta tsaya tana kallonsa.

"Shi ya sa?"

"Haba zuciyata, fitilar wasa ce fa..."

Ta juya ta fita. A hanya ta tuna alƙawarin turo manyansa. An ɗaga saboda shagon ƙaninsa, an sake ɗagawa saboda auren abokinsa. Kowa na gaggawa ne, ita ce mai jira.

Yayanta dama bai taɓa son zancen ba. Sarkin dodanni yake kiransa, yana cewa mutumin da ya sa ta ɓata da masu kawo mata ɗinki ba gida zai riƙe ba. Ita ke tare masa, tana cewa ba su san shi ba, mutum ne da bai taɓa zaluntar kowa a rabo ba. Ranar da ta shigo da jan ido, Yaya ya buɗe baki zai yi tsiya, Umma ta harare shi ya rufe.

Washegari da yamma lokacin yaƙi ya yi. Ta shiga, ta tsaya a bayansu kamar kullum. Dodo ya share su ɗaya bayan ɗaya. Shi ma ya faɗi.

"Tashe ni, masoyiyata! Yi sauri!"

Fitila na ta haske a hannun Walƙiya, ba ta tashi ko mutum ɗaya ba.

Babban yatsanta ya tsaya a kan madannin da za ta tashe shi da shi. Danna ɗaya ne. Ta san in ta danna, gobe ma za ta danna, har ta tsufa a baya tana tashin mutane.

Ta kife wayar a kan keken ɗinki, ta ɗora ƙafa ta ci gaba da taka shi. Muryarsa na fita ƙasa-ƙasa, ƙarar keke ta danne ta.

Bayan kwanaki ya zo ƙofar gidansu a rame. Rundunar ta watse, Walƙiya ta tafi da fitilarta wajen waɗanda ke zawarcinta. Ya ce wata fitilar za ta faɗo, ya ce manyansa na nan tafe, wannan karon babu ɗagawa.

"Da ban tafi ba, da yaushe za su zo?"

Yaya ya zo ya tura ƙofa a hankali, ko tsiyar bai yi ba.

Ta goge wasan. Son ne bai gogu ba. Har yau idan yamma ta yi, yatsan nan na motsi shi kaɗai a kan yadin mutane, yana neman madannin. Sai ta damƙe shi da ɗaya hannun, ta jira hawaye su tsaya, kada su ɓata kayan da ba nata ba.