Wa Ke Saƙa Hulunan Goggo?

Ranar da Murjanatu ta fara ganin Mahdi, ledarsa ta fara kallo kafin fuskarsa.

Tana zaune a zauren Hajiya Kulu a Daura, inda mata ke haɗuwa duk Asabar suna saƙa wa jarirai huluna da safa kyauta. Mutanen gari ke kawo zare, Murjanatu kuma ke kai abin da aka saƙa asibiti, ɗakin bakwaini. Sai ga wani dogon saurayi ya yi sallama, takalminsa duk kashin shanu.

"Goggona ce ta aiko ni," ya ce, ya ajiye ledar yana neman juyawa.

Ta zazzage. Huluna bakwai, kowacce ba ta wuce lemon zaƙi ba. Ta juya ɗaya ta shafa cikinta, ta sake shafawa. Babu ƙulli ko ɗaya! Su kuwa kullum nas sai ta dawo musu da rabin nasu, wai ƙullin yana gurje kan jariri.

"Malam, tsaya mana. Ina Goggon take zaune? Ina so ta koya mana."

"Ba ta son baƙi."

"To ba ni lambarka."

Ya bayar yana kallon ƙasa. A nan ta lura yana da kyau, ta ji haushin kanta da ta lura.

Murjanatu fa akwai bin diddigi. Tun tana ƙarama take kwance rediyon babanta don ta ga masu maganar. Ba a yi sati biyu ba ta gano gidan, ta tafi da goro. Ta tarar da tsohuwa mai fara'a a kan tabarma, wadda idanunta suka rufe shekara uku ke nan.

Da yamma ta tura masa saƙo: "Na gaida Goggo. Allah ya ƙara mata lafiya. Yaya Mahdi, wa ke saƙa hulunan?"

Sai bayan la'asar ta washegari ya zo ƙofar gidansu, ya kashe babur, ya daɗe yana wasa da makulli.

"Ni ne," ya ce. "Ƙanwata Siddiƙa ta haifi ɗan wata bakwai. Muka zagaye kasuwa ba mu sami hular da ta yi masa daidai ba, duk sai su rufe masa har hanci. Kwana tara ya yi ya koma. Goggo ta ce da tana gani da ta saƙa masa. Na ce ta koya mini, tana lalube ina bi."

 Tausayinsa ya kama Murjanatu, kuma ba tausayi kaɗai ba ne.

"Don Allah kada kowa ya ji. Ni dillalin shanu ne. In aka ji a kara ina riƙe kwarashi, na shiga uku."

"Na yi alkawari."

Daga nan zumunci ya ƙullu. Yana koya mata ɓoye bakin zare, ita kuma ta koya wa matan a matsayin dabarar Goggo. Saƙonni kuwa ba a magana.

"Murjata, yau na sayar da bijimi biyu, amma hankalina yana kan wata mai yawan tambaya."

"Mai yawan tambayar tana tambaya: yaushe manyanka za su zo?"

Suka zo kuwa. Malam Ya'u, mahaifinta, ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike kamar yadda aka saba. Cikin waɗanda aka tambaya har da Abbas mai shagon zare, wanda ya taɓa neman Murjanatu ta ce a'a. Abbas bai yi ƙarya ba, ya dai faɗi abin da ya gani ya yi shiru: duk wata Mahdi yana sayen zaren kayan jarirai, kuma an sha ganinsa yana leƙen ɗakin haihuwa.

Malam Ya'u ya kira 'yarsa.

"Saurayi da zaren jarirai? Yaron nan yana da ɗa a ɓoye. Ba zan ba shi ke ba."

"Wallahi Baba ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Amsar tana bakinta, kalma uku kacal. Amma ta yi alkawari. Ta sunkuyar da kai hawaye na zuba, uban ya ɗauki shirun a matsayin shaida.

Ta rubuta wa Mahdi: "Baba ya fasa. Ban faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. Sirrinka ne. Amma ka sani ina sonka, kuma raina ya ɓaci."

Bai ba ta amsa ba. Ta wuni tana duba waya, har ta fara cewa a ranta ashe mutuncinsa a kara ya fi ta.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Malam Ya'u na zaune a ƙofar gida da ƙannensa da maƙwabta, sai ga Mahdi. Murjanatu ta laɓe a bayan ƙyauren zaure. Ya gaishe su, ya durƙusa, ya zaro kwarashi da farin zare daga aljihun babbar riga.

"Baba, a yi mini haƙuri na ɗan lokaci."

Ya fara saƙa. Wani ya tuntsire da dariya, wani ya ce, "Ikon Allah." Yara suka taru. Gumi na tsiyaya a goshinsa, amma yatsunsa ba su tsaya ba, yana yi yana ba da labarin ɗan Siddiƙa. Kafin a kira la'asar ya miƙa wa Malam Ya'u 'yar hula.

Dattijon ya ɗora ta a kan yatsunsa uku, ya daɗe yana kallo.

"Akwai ɗan Adam da kansa zai shiga nan?"

"Akwai guda biyar yanzu haka a kwalba a asibiti, Baba."

"Ka san gobe duk kara za ta ji?"

"Na sani. Gara a yi mini dariya da in rasa ta."

Malam Ya'u ya yi gyaran murya. "Na zarge ka da abin da ba ka yi ba, ka yafe mini. Ka ce wa manyanka su dawo."

Dariya kam an yi masa ita, har yau Mai Kwarashi suke kiransa a kara. Sai dai ranar ɗaurin aure, dillalan nan masu tsokana suka iso da buhu guda cike da zare, suka dire a ƙofar Hajiya Kulu suna ta basarwa.

Da aka kai amarya, Goggo ta laluba ta kamo hannayensu ta haɗa.

"Allah ya ba ku masu cika wata tara," ta ce. "In ma sun yi gaggawa, sun zo gidan da ya dace."

Murjanatu ta ce amin a cikin mayafi, tana dariya tana kuka.