Rubutun da Ya Fito a Tagar Malam

Ranar da Abdulbasit ya fara ganin Raudatu, takardu ta kawo masa shagonsa na kwamfuta a Makoɗa. Mahaifinta, Malam Kamilu, shugaban Islamiyyar ƙauyensu, shi ya aiko ta da sunayen ɗalibai don a haɗa wa makarantar manhajar fitar da sakamako.

"Baba ya ce da an buɗe tagar manhajar, sunan yaro da makinsa su fito manya-manya, idonsa ya yi rauni."

"Za su fito, in sha Allahu," ya ce, yana riƙe da takardun a juye bai ma lura ba.

Daga nan kullum sai ya ƙirƙiro tambayar da zai tura mata a waya, ita ma ba ta taɓa cewa ta gaji ba. A gaban kwamfuta akwai kai, amma a gabanta bakinsa kamar an ɗinke.

Masu irin aikinsa suna da wata al'ada. Kafin su haɗa taga da ainihin bayanai, sai su rubuta layi ɗaya da zai umarci manhajar ta sa rubutun gwaji a wurin, su ga girmansa da zamansa. Wasu "gwaji" kawai suke sawa. Gogan naku sai ya zuba abin da ya kasa faɗa: "Raudatu, hasken idona, ina son ki, tsoron Malam ne ya hana ni magana." Da sunaye suka hau, suka maye gurbin rubutun, shi kuwa ya manta bai cire layin ba.

Ranar Asabar da hantsi ya kai aikin. Malam ya tara malamai da iyayen yara, aka zuba manhajar a kwamfutar makaranta. Ashe fayil ɗin sunayen a shago Abdulbasit ya baro shi. Manhajar ta nema ba ta samu ba, sai ta nuna abin da aka fara ba ta.

Malam ya gyara tabarau ya soma karantawa a bayyane, a zatonsa bayanin ɗalibi ne. Sai da ya kai "tsoron Malam" ya tsaya. Raudatu, da ke cikin taron, ta ja mayafi ta fice. Abdulbasit ji ya yi da ma ƙasa ta tsage ya shige.

"Tattara ka tafi," in ji Malam a hankali. "Kada ka sake tako nan."

Kafin la'asar maganar ta zagaye gari, har an ƙara da cewa sun daɗe suna haɗuwa a ɓoye. Kwana tara Raudatu ba ta leƙa waje ba, ba ta kuma iya haɗa ido da mahaifinta ba.

Abdulbasit ya tura mata: "Na jawo miki abin kunya alhali ba ki yi komai ba. Na goge layin. Ki yafe mini, Rauda."

Amsa ta zo: "Ka goge a kwamfuta, wa zai goge a bakin mutane? Ban ji haushin maganar ba. Da Baba ya riga ni karantawa, shi ne ya yi mini ciwo."

Washegari ya sami Malam a gona ana yankan gero, ya durƙusa a kan kunyar gero.

"Malam, wallahi ba ta san da rubutun nan ba. Ka ba ni izini in faɗi haka a gaban waɗanda suka gani."

Malam ya ci gaba da duba yankan geronsa, bai hana shi ba. Ranar taron iyaye Abdulbasit ya miƙe ya bayyana yadda layin ya shiga da yadda ya fito, ya ce ko hira bai taɓa zuwa wurinta ba. Wasu suka yi dariya. Ya haɗiye ya ƙarasa maganarsa.

Da aka watse Malam ya kira shi gefe.

"Ita ka wanke ta. Saura kai. Ba ka da iyaye ne, da za ka aiko mini na'ura?"

A makon nan kawunnansa suka zo da goro. Bayan an gama kai amfanin gona gida aka ɗaura aure.

Da za a tafi da amarya, aka kawo ta zaure ta yi wa mahaifinta sallama. Ta durƙusa kanta a ƙasa. Malam ya dafa kafaɗarta.

"Ɗago ki dube ni, Raudatu. Ba ki taɓa ba ni kunya ba. Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya."

Ta ɗago. Sai a lokacin kukan ya zo mata.