Saƙon da Ya Rage a Wayar Marigayiya

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Maris, da ƙarfe shida da minti arba'in na yamma abin ya fara. Mai gyaran agogo ne ya riƙe lokacin, domin shi mutum ne da ba ya cewa "wajen magariba" idan akwai agogo a hannunsa.

Yana zaune a baranda, wayarsa a kan cinya, yana jiran saƙon matarsa. Matar ta rasu tun bara. Amma lokacin da take kwance a asibiti, 'yarsu Auta ta koya mata yadda ake rubuta saƙo a waya, a zaɓa masa rana da sa'a, ya zauna yana jira har lokacin ya yi ya tafi da kansa. Ta san mijinta ba ya shan maganin hawan jini sai an tsaya a kansa, don haka ta yi ta rubutawa tana ajiyewa, har ranar da yatsunta suka gaza. Saƙon ba ya fita sai wayar mai shi tana kunne, shi ya sa tsohon ya bar wayarta jone da caji a kan keken ɗinkinta, a ɗakin da babu mai kwana a ciki. Bai taɓa leƙa abin da ya rage ba. Ya fi so kowanne ya zo masa a ranarsa.

Kullum abin da take cewa bai wuce haka ba: "Mai agogo, sha maganinka, ka daina taurin kai." Sai ya yi murmushi ya sha.

A wannan yammacin saƙon ya zo da wata magana daban. "Mai agogo, waje da sanyi. In shigo?"

Ya daɗe yana kallon rubutun. Ya san matacce ba ya tambaya. Duk da haka yatsansa ya rubuta, "Shigo mana, ai gidanki ne."

Bai ajiye wayar ba sai ga dutse ya faɗo a kan rufin kwano. Sai na biyu. Agogunan bango da ya tara a falo suka tsaya gaba ɗaya, gidan ya yi wani irin shiru da bai taɓa yi ba.

Daga nan magariba ta daina zama magariba a gidan. Da rana ta faɗi sai jifa, sai keken ɗinki ya kama tafiya shi kaɗai a bayan rufaffiyar ƙofa. Ƙanwarsa, wadda yara ke kira Gwaggo, ta zo da jakarta ta tare. Ita ce ta sa Auta ta shiga ɗakin ta duba wayar.

Auta ta fito fuskarta ta sauya. "Baba, saƙonnin Mama sun ƙare tun watan jiya. Guda ɗaya ya rage, shi ma sai ƙarshen shekara zai fita."

"To wa yake turo min?"

Auta ta matso kusa da shi. Ta zauna a ƙasa, ta naɗe ƙafa yadda uwarta take yi, ta dube shi ta ce, "Mai agogo, ka rame."

Gwaggo ta saki kofin da ke hannunta.

Daga ranar Auta ta daina cin abinci, ta daina zuwa kantin magani inda take aiki. Da rana tana kwance kamar tsumma, da yamma ta tashi ta yi ta hira da muryar uwarta. Abin da tsohon bai faɗa wa kowa ba shi ne, yakan tsaya a bakin ƙofa yana sauraro, kuma ba tsoro kaɗai yake ji ba.

Gwaggo ce ta gane. "Yaya, ka ji kunya! Yarinya tana narkewa, kai kana tsaye kana shan hira? Wallahi ko ka kira Malam ko in kira shi da kaina."

Malam ya zo bayan la'asar, dattijo mara yawan magana. Ya nemi ruwa, ya zauna daf da kan Auta, ya fara karatu a hankali. Da inuwa ta cika ɗakin sai jikinta ya sandare, muryar uwar ta tsage, wata murya mai kauri ta fito daga ƙarƙashinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, kuma me ya kawo ka?"

"A ɗakin marigayiyar nake tun da aka bar shi. Kullum da magariba ina ganin magana tana tashi daga wayar nan, babu bakin da ya furta ta. Na koyi yadda take magana. Da nata suka ƙare, na ga tsohon nan a baranda yana jira, sai na ci gaba. Ban shigo da ƙarfi ba. Na tambaya, aka ce in shigo."

Malam ya juya ya dubi mai gyaran agogo. Tsohon ya sunkuyar da kai.

"Izinin da aka ba ka ba naka ba ne," in ji Malam. "Fita."

"Zan fita. Amma muddin akwai maganarta da ke jira a wayar, ƙofata a buɗe take. Ko in zauna a jikin nan har ƙarshen shekara in isar da saƙon, ko ya goge shi yanzu."

"To ya karanta ya goge mana," in ji Gwaggo.

Aljanin ya yi dariya. "Idan ya buɗe, na isar ke nan, kuma sai ya so wani. Ku dube shi. Shi da kansa zai sake kira na."

Malam ya ja tsohon gefe. "Ba a gaskata su a komai, kuma zan iya fitar da shi da karatu. Amma zai ɗauki kwanaki, yarinyar kuwa ba ta da ƙarfin kwanaki. Kuma a kanka, bai yi ƙarya ba."

Mai gyaran agogo ya shiga ɗakin matarsa shi kaɗai. Ya zare wayar daga caji. Ga saƙon nan a jere shi ɗaya, an sa masa ranar da suka yi aure, farkonsa kawai ake gani: "Mai agogo, akwai abin da ban taɓa…" Taɓawa ɗaya ya isa ya ga sauran. Ta bango yana jin numfashin Auta yana sama-sama.

Ya danne saƙon, ya zaɓi gogewa. Wayar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya tabbatar.

Auta ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido, ta ce da muryarta, "Gwaggo, yunwa nake ji." A falo agogunan suka kama tafiya, kowanne da lokacinsa daban. Malam ya kashe wayar da hannunsa, ya ce a buɗe tagogin ɗakin, a samu mai kwana a ciki.

Waɗanda suka rage a gidan bayan haka su ne: Gwaggo, wadda ta koma ɗakin marigayiya ta ci gaba da ɗinki a keken, Auta, wadda ba ta tuna komai ba, kuma ita take kawo magani da hannunta kowace yamma, sai mai gyaran agogo, wanda ya rayu shekara shida yana ƙarasa wannan jimlar a zuciyarsa, kowace rana da kalmomi daban.