Sai Motar Dada Ta Warke

"Ta sake mutuwa!"

Barno ta buga hannu a jikin motar, hawaye na neman zubo mata. Tsohuwar motar mahaifinta ta yi tari, ta girgiza, ta yi tsit a tsakar gida, ƙarƙashin rumfar inabi.

A cikin ɗaki kuwa mahaifiyar Doniyor, malamin makarantar da Barno ke so, ce zaune ita da ƙanwarta. Shayinsu ya huce, gurasar da suka zo da ita tana naɗe cikin farin ƙyalle. Zuwansu na uku ke nan neman auren Barno, kuma kowa a garin Margilon ya san a zuwa na uku ake gutsura gurasa a ce an ba da yarinya. In aka koma da ita a naɗe, magana ta mutu.

Shi kuma mahaifinta, Tolib-aka, tsohon direba, ya kafe a kan magana ɗaya. Motar nan ita ta ɗauko marigayiya matarsa ranar aurensu, ita za ta kai 'yarsa gidan miji, ba za a taɓa gurasa ba sai ta warke. Ciwon nata kuwa na ban haushi ne. A kan hanya lafiya lau take gudu, amma da an ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu.

"Dadajon, na wanke kafireta, na sauya fulogi, na ƙara mata silo..." Barno ta dubi mahaifinta. "Me kuma ya rage?"

"Haƙuri ya rage," ya ce, yana goge hannu da tsumma. "Kina so ta mutu da ke a tsakiyar kasuwa, kina amarya, mutane na dariya?"

Yayarsa Muattar, wadda ta daɗe tana yi wa ɗanta kamun Barno, ta leƙo daga kicin tana murmushin da ba na Allah ba.

"Ni dai Sanjar ɗina motarsa ko leda ba a cire wa kujerun ba. Amma tunda an nace wa malamin makaranta mai keke, sai a yi ta tura akwala!"

Barno ta cije leɓe. Da ba yayar uba ba ce, da ta ji amsa.

"Kira min Doniyor," Tolib-aka ya ce. "Na san yana bayan ƙofa tun ɗazu, yana ƙirga tururuwa."

Doniyor ya shigo da farar riga, hannu a ƙirji, kunnuwansa sun yi ja. Mutum ne da zai karanta maka waƙa tun safe har la'asar, amma bai san inda ake zuba wa mota ruwa ba. Ita kuwa Barno tun tana 'yar ƙarama take miƙa wa ubanta sifana. Haka ta gan shi, haka take son abinta.

"Shiga ka tayar, ka ɗan taka totur kaɗan, kada ka bari ta mutu. Ka iya wannan?"

"Zan gwada, Tolib-aka."

Da Doniyor ya zo wucewa ta kusa da Barno ya rage murya.

"Barnojon, kin yi kuka?"

"Fetur ne ya shiga min ido."

"To ki gaya wa fetur ɗin ko shekara za a yi ina nan. Mama ce dai ta ce in ta fita yau ba za ta dawo ba..."

Ya shiga motar ya murɗa makulli.

Injin ya tashi yana rawa. Sai ga Buvi, kakar Barno, ta fito tana jan silifa, riƙe da ƙaramin kasko, busasshen ganyen turare da ake kira isirik na ci a ciki. Ita Buvi komai ya samu gidan nan, daga zazzaɓi har ƙonewar shinkafa, bakin mutane ne, maganinsa kuma hayaƙi.

"Ku matsa! Kun ƙare dabararku, ku bar ni da tawa. Kambun baka ne ya kama motar nan." Ta harari Muattar. "Kuma na san bakin."

"Inna, wuta kusa da fetur?" Tolib-aka ya yi tsalle. "So kike ki tashe mu duka?"

"Rufe min baki, ni na haife ka."

Ta zagaya motar, ta tsaya a gefen injin tana kaɗa hayaƙi da gefen mayafinta. Barno ta matso don ta janye ta, sai ta tsaya cak.

Hayaƙin duk sama yake yi, ban da wani siriri. Shi wannan lanƙwasawa yake, yana gangarawa bayan kafireta, yana ɓacewa kamar ana zuƙarsa.

Ta zura hannu. Wani ɗan baƙin tiyo ne a ɓoye can ƙasa, ya tsage ta ciki, inda ido ba ya kaiwa. Ta nan injin ke shan iskar da ba tasa ba. Ta danne tsagar da babban yatsa.

"Doniyor-aka, ɗaga ƙafarka!"

"Za ta mutu fa!"

"Ɗaga na ce!"

Ya ɗaga. Motar ba ta mutu ba. Ta ci gaba da kaɗawa a hankali, sumul, kamar mage na barci.

"Na faɗa muku!" Buvi ta ɗaga kasko sama. "Baki ne!"

Barno ta juyo tana dariya don ta ga murnar ubanta. Ba ta gani ba. Ko wajen yatsanta bai kalla ba, kansa na ƙasa. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ta aiki, ya fito da sabon tiyo, an riga an yanka shi daidai tsawon wancan.

"Dadajon... ka sani?"

"Tun bazara." Ya share hanci da tsumman, ya bar baƙin mai a fuskarsa. "Kullum da yamma kina fitowa mu buɗe ta tare, kina min faɗa, ina miki. In ta warke, wa zai fito?"

Haushin da ta kwana biyu tana tarawa ya narke gaba ɗaya, tausayinsa ya cika ta. Ta faɗa ƙirjinsa tana kuka, hannunta duk mai. Da ta saki tiyon motar ta mutu, babu wanda ya kula.

Muattar ta ja tsaki ta koma kicin.

Doniyor ya fito daga motar, ya tsaya nesa kaɗan, ya gyara murya.

"Tolib-aka, ina da roƙo. Gidanmu lungu ne, mota ba ta shiga. Ko an kai amarya, nan motar za ta dawo ta zauna. Ni kuma ka ga dai iyakar sanina. In wani abu ya same ta, sai dai in ɗauko Barno a keke in kawo ta."

Tolib-aka ya dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Tsohuwa ce fa," ya ce. "Ba ta rasa ciwo."

"Haka nake fata."

Dariya ta ƙwace wa dattijon, irin wadda Barno ta manta rabon da ta ji. Ya miƙa mata sabon tiyon, ya juya wajen mahaifiyarsa.

"Inna, ki ce a ɗora sabon shayi. A gaya wa baƙi su kwance ƙyallen nan, ina zuwa in na wanke hannu."

Barno ta sunkuya cikin injin don kada a ga fuskarta. Doniyor ya matso kusa, ya ɗauko wani ƙarfe daga akwatin kayan aiki ya miƙa mata da ladabi.

"Wannan kike so, ranki ya daɗe?"

Ta kalli abin, ta kalle shi.

"Wannan na cire taya ne, masoyina. Ajiye, ka riƙe min mayafina kawai."